Darasi Kan Ƙudan Da Ke Maƙale Wa Shanu Da Tattabaru

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan karo a kan wani ƙuda ne wanda duk mai shiga kara a Birnin Kudu ko kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ya sha gani. In ka ɗaga wutsiyar sa, sai ka tarar da su sun yi cincirindo a gindinta da tsakanin cinyoyi. Wasu kan ce kaska ce mai fiffike. To, ba kaska ba ce, ɗan'uwan ƙudan tsando ne.

Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne, ga tauri kamar ƙirgi, ko ka mare shi da tafi sai ya zame. Yana da farata masu kama gashi. Namiji da mace duk jini suke sha. Abin mamaki, macen ba ta yin ƙwai. Tsutsa ɗaya tak take goyo a cikinta har ta ƙosa, sa'an nan ta ajiye ta. Nan da nan tsutsar ta ƙandare, ta yi baƙi kamar ƙwayar iri, bayan wajen wata guda ƙuda ya fito.

A wajen shanu ɓarnarsa cizo ne da hana sakewa. Saboda haka kada wani ya karya maka farashin sa mai ƙiba don ya nuna maka ƙuda biyar a gindin wutsiya. Duba ido da hanci da kashin dabba tukuna.

Amma masu tattabaru, ku ne abin ya fi shafa. Irin nasu yana gudu a karkace cikin gashi, kuma yana ɗauke da ƙwayar wata cuta ta jini mai kama da zazzaɓin cizon sauro. Manya kan jure, 'yan shila su ne ke ramewa, wani lokaci har su mutu. In za ka saya, buɗe fiffike ka hura gashin ka duba. Wanda ka saya ka ware shi kwana biyu kafin ka haɗa da na gida. A riƙa share tukwanensu ana ƙona sharar, don ƙwayoyin nan baƙaƙe a cikin sheƙa suke.

'Yan fata kuwa, akwai wani irinsa marar fiffike a jikin tumakin ƙasashen sanyi, kamar tsaunukan Habasha, wanda cizonsa ke sa fata ta yi ƙuraje, majema su rage mata daraja. Maganin feshi, a tambayi malamin dabbobi.