Ja Ko Kore? Darasi A Kan Fitilun Alama

Kowa ya san 'yar fitilar nan da ke jikin cajar batir. Sa'ad da batir ke shan wuta sai ta yi ja, in ya ƙoshi ta koma kore. Haka kuma a allon kwamfuta da na waya akan sa ɗan ɗigo kusa da sunan mutum ko na wani aiki, kore in lafiya, ja in da matsala. Waɗanda suka ƙago wannan dabara sun ɗauka duk mai ido yana rarrabe ja da kore. To, ba haka ba ne. Akwai mutane masu gani garau, su karanta ƙananan baƙaƙe, su zura zare a allura, amma in an jera musu launukan nan biyu sai su gan su kusan iri ɗaya. Wannan shi ake kira makantar launi. Tun da yake mu ne za mu tsaya gaban aji gobe, wajibi ne mu san ta.

Yadda Abin Yake

Kada a haɗa ta da dundumi, gama mai dundumi da dare ne ganinsa ke raguwa. A can bangon ido na ciki akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi iri uku masu karɓar haske. Iri ɗaya ya fi jin haske mai ja-ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. Daga gwama saƙon ukun nan ne ƙwaƙwalwa ke fid da dukan launukan da muke gani. In iri ɗaya ya rasa, ko kuwa bai aiki sosai, sai waɗansu launuka su rikice wa mutum. Galibi ja da kore ke rikicewa, har da ruwan ƙasa da ruwan goro. Wanda ba ya ganin launi ko ɗaya, sai fari da baƙi da toka-toka, da wuya ƙwarai a same shi.

Yawanci gadonta ake yi, kuma ta fi kama maza. Dalili kuwa, tana bin ƙwayar gado da masana ke kira X. Namiji guda ɗaya gare shi, daga wajen uwarsa. Mace biyu gare ta, in ɗaya ta sami tangarɗa ɗayar ta rufa mata asiri. A cikin mutanen arewacin Turai an ƙiyasta wajen namiji 1 cikin 12 yana da ita, mace kuwa 1 cikin 200. A ƙasashenmu na Afirka ba ta kai haka yawa ba, amma duk da haka makarantar da ke da yara maza ɗaruruwa da ƙyar a rasa ko ɗaya.

Wanda ya fara bayyana ta filla-filla malamin makaranta ne, John Dalton na ƙasar Ingila. Ya lura da wani fure wanda da rana yakan gan shi shuɗi-shuɗi, da dare a hasken kyandir kuma ya gan shi ja. Da ya tambayi jama'a sai ya tarar ba wanda ke ganin haka sai ɗan'uwansa. A shekarar 1794 ya karanta bayaninsa gaban taron masana a birnin Mancesta. Daga baya, a 1917, wani likitan ido na ƙasar Japan, Shinobu Ishihara, ya fito da hotunan gwaji, watau ɗige-ɗige masu launi da lamba a ɓoye cikinsu. Har wa yau da su likitoci ke gwada mutane.

Darasin Danja

Sai mu tambayi kanmu, yaya mai wannan lalura ke tuƙa mota ya wuce danja lafiya? Amsar ita ce, fitilar hanya ba da launi kaɗai take magana ba. Ja kullum a sama take, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa. Wanda launi ya rikice masa sai ya dubi wadda ta kama, ta sama ce ko ta ƙasa. Amma 'yar fitilar caja ƙwaya ɗaya ce, a wuri ɗaya, launinta kaɗai ke sākewa. Nan ne mutumin ke rasa tudun dafawa. Ka ɗauki yaron da ke aiki a rumfar cajin waya a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. In ya zare batir bai cika ba, mai kaya zai ce ha'inci ne, maigidansa ya ce sakarci ne, alhali kuwa shi abin da idonsa ya nuna masa ya bi.

Saboda haka ƙa'idar guda ɗaya ce: kada launi ya ɗauki saƙo shi kaɗai. A shekarar 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idodin shafukan intanet, ta sa wannan a cikin sharuɗɗanta na WCAG 2.0. Ga hanyoyi huɗu da mai shirya manhaja zai bi.

1. Siffa. A ba kowace alama kamanninta. Manhajar Microsoft Teams ta yi haka: ɗigon mutumin da ke nan yana da alamar maki a ciki, na wanda ya ɗan fita yana da agogo, na wanda ba ya son a dame shi yana da layi a gicciye.

2. Wuri da ƙidaya. Sandunan nan da ke nuna ƙarfin sabis a waya ƙirga su ake yi. Haka ma maki ɗaya da maki biyu na WhatsApp, ido ba ya bukatar launi kafin ya san saƙo ya fita ko ya isa.

3. Kalma. In da fili, a rubuta "Ya cika" ko "Ya tsaya" kusa da fitilar. Wannan ya fi duka, domin har makaho mai manhajar karanta allo zai amfana.

4. Zaɓen launi. In tilas sai an gwama biyu, shuɗi da ruwan lemo sun fi ja da kore, kuma ɗaya ya zama mai duhu, ɗaya mai haske.

Abin Da Ya Shafi Malami

Wani zai ce, ni ba mai shirya manhaja ba ne. To, allo fa? Malamin da ya zana taswira ya ce wa yara su nuna wurin da aka shafa kore, ko ya rubuta gyara da jan alli a kan baƙin allo, shi ma ya kunna fitila mai ƙwaya ɗaya. Ga waɗansu masu wannan lalura ja yakan yi duhu har ya kusa ɓacewa cikin baƙi. Yaron kuwa bai san ganinsa dabam yake ba, tun da haka aka haife shi. Sai a yi ta kiransa daƙiƙi ko mai taurin kai, wani lokaci har da bulala, a kan laifin da ba nasa ba.

In ka ga yaro mai ƙoƙari a lissafi da karatu yana ta kuskure wajen launi, kada ka mai da shi abin dariya a gaban aji. Ka gaya wa iyayensa su kai shi asibitin ido a gwada shi. Wadda aka gada ba ta da magani, amma sanin ta da wuri yana da amfani, gama akwai ayyuka irin su tuƙin jirgin sama da na ƙasa inda ake gwada ganin launi kafin a ɗauki mutum. Gara ya sani tun yana makaranta, ya shirya wa abin da zai iya.

Aikin Yi

Kowa ya shiga saitin wayarsa, a sashen sauƙaƙa amfani, ya mai da allon fari da baƙi na yini guda. Ba haka masu makantar launi ke gani ba, amma gwaji ne mai kyau, domin duk alamar da ta ɓace maka, to, da launi kaɗai ta dogara. Sa'an nan ka ɗauko taswira ko jadawalin da ka shirya don koyarwar gwaji, ka dube shi ta kyamarar wayar. Inda ma'ana ta ɓace, ka ƙara siffa, ko lamba, ko kalma, kafin ka shiga aji da shi.