Darasi na 24: Gwiwar ɗan ƙwallo

Mu duba

Ku zauna bisa benci. Ku aza hannu bisa gwiwarku ta dama. Ku miƙe ƙafa, ku lanƙwashe ta. Mi kuke ji ƙarƙashin hannunku? Yanzu ku gwada lanƙwasa gwiwar zuwa gefe. Ta yarda? Ba ta yarda ba. Akwai abin da ke riƙe da ita. Shi za mu koya yau, tare da labarin wani wasa na wata ƙasa mai nisa.

Mu karanta

1. Wasan mutanen Irlanda

Irlanda tsibiri ne a yammacin Ingila. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama da ciyawa. Mutanenta suna da wasan ƙwallo nasu na gargajiya, ana ce mashi ƙwallon Gelik. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 15. Filin ya fi na ƙwallon ƙafa girma: tsawonshi mita 130 zuwa 145 ne. Ana buga ƙwallon da ƙafa, ana kuma kama ta da hannu. Amma wanda ya riƙe ta ba ya wuce taki 4 sai ya buga ta ƙasa, ko ya taɓa ta da ƙafa ta komo hannunshi. In ƙwallo ta shiga raga, maki 3 ke nan. In ta bi ta bisa sandar raga, tsakanin dogayen ginshiƙai biyu, maki 1 ne. A 2025 an ƙara wata doka: wanda ya buga ta bisa sanda daga bayan layin mita 40 yana samun maki 2.

Ƙungiyar da ke kula da wasan sunanta GAA. An kafa ta a 1884. Babban filinta, Croke Park, yana birnin Dublin, yana ɗaukar mutum 82 300. Duk da wannan taro, ba a biyan ƴan wasa albashi. Wani malamin makaranta ne, wani manomi, wani ɗan sanda, wani ɗalibi. Da rana suna aikinsu, da marece su tafi fili.

2. Yadda gwiwa take

A gwiwa ƙashin cinya yake haɗuwa da ƙashin ƙwauri. Ƙoƙon gwiwa yana rufe su ta gaba. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai hana su gogar juna. Abin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi wasu igiyoyi ne farare masu ƙarfi. Mutane na ce masu jijiyoyi, amma ba jini ke gudu cikinsu ba. A nan za mu ce masu igiyoyin gwiwa.

Manyansu 4 ne. Biyu suna gefe, ɗaya ciki ɗaya waje. Su suka hana gwiwarku lanƙwasa zuwa gefe ɗazu. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓa, sun gitta juna. Ta gaba cikinsu ita ke hana ƙwauri zamewa gaba, tana kuma hana shi murɗewa. Ita ce ƴan wasa suka fi tsoron tsinkewarta.

Igiyoyi ba su kaɗai ke tsaron gwiwa ba. Tsokokin cinya, na gaba da na baya, suna taya su. In tsoka tana da ƙarfi, kuma ta kama da wuri, nauyi kaɗan ke kai ga igiya.

3. Yadda igiya ke tsinkewa

Za ku zaci sai an take mutum igiyarshi ke tsinkewa. Sau da yawa ba wanda ya taɓa shi. Ɗan wasan Gelik yana tsalle sama ya cafe ƙwallo, ya diro bisa ƙafa ɗaya. Ko yana cikin gudu ya tsaya farat ɗaya, ya juya don ya kauce ma abokin karawa. Takalminshi ya kafe cikin ƙasa, jiki ya juya, ƙafa ba ta juya ba. Gwiwa ta faɗa ciki. Sai ya ji ƙas! Kafin dare gwiwa ta kumbura.

Wannan igiya ba ta samun jini da yawa, shi ya sa ba ta cika haɗewa da kanta ba. Mai son komawa wasa sau da yawa sai likita ya yi mashi tiyata. A yanko wata jijiya daga ƙafarshi, a sa ta madadin wadda ta tsinke. Daga nan sai ya yi wata 9 ko shekara guda yana koya ma ƙafar aiki. Wasu ba su komawa yadda suke. Wasu kuma ciwon gaɓa ke kama su tun ba su tsufa ba. Mata ma suna wannan wasa, kuma wannan rauni ya fi samun su bisa ga maza.

Colm Cooper ya kasance cikin gwanayen gundumar Kerry, kuma a lokacin ma'aikacin banki ne. A watan Fabrairu na 2014 igiyar gwiwarshi ta tsinke yana yi ma ƙungiyar garinsu wasa. A wannan shekara Kerry ta ci kofin Irlanda duka, shi yana gefe yana kallo. Sai 2015 ya komo.

4. Kaya ya yi yawa

Wanda ƙwallo ce sana'arshi, in ya gama horo sai ya ci abinci ya kwanta. Ɗan wasan Gelik ba ya da wannan dama. Ya tashi aiki, ya yi tafiya mai nisa zuwa fili, ya komo gida cikin dare, da safe ya koma aiki. Wani bincike da aka fitar a Irlanda a 2018 ya nuna ƴan wasan gundumomi na iya kashe har awa 31 a mako wajen hidimar wasa.

Samari sun fi shan wahala. Yaro gwani kowa na son shi: ƙungiyar garinsu, ta makarantarsu, da ta gunduma. Kowane mai horarwa yana ganin nashi horo kaɗai, ba wanda ke lissafa jimla. A 2022 GAA ta raba shekara biyu, aka gama wasannin gundumomi a Yuli, sannan na garuruwa suka biyo baya.

Horo ba abin ƙi ba ne, shi ke ƙarfafa jiki. Amma ƙarfin yana shiga ne lokacin hutu da barci. Tsoka tana ƙarfi da sauri, igiya da ƙashi kuwa sannu suke bi. In tsoka ta gaji ba ta kamawa da wuri, sai ta bar ma igiya nauyi. Haka kuma wanda ya daɗe zaune, sannan ya ɗibi horo mai yawa cikin mako guda, ya sa kanshi cikin hatsari. Jakin da ya saba da buhu ɗaya ba a aza mashi uku rana ɗaya.

5. Rigakafi

GAA ta tsara motsa jiki na minti 15 kafin horo, ana ce mashi GAA 15. Cikinshi akwai gudu sannu sannu, da tsayuwa bisa ƙafa ɗaya, da ƙarfafa cinya, da koyon dira. Ga yadda ake dira: a lanƙwasa gwiwa da ƙugu, gwiwa ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kada ta faɗa ciki.

Gwiwar ɗan Irlanda da taku iri ɗaya ce. In ɗayanku ya ji rauni a fili, ya bar wasa nan take. A sa mashi ƙanƙara cikin tsumma ko ruwan sanyi, a ɗaure ba da tsanani ba, a ɗaga ƙafar. Kada a ja ta, kada a murɗa ta. In ta kumbura, ko ta kasa ɗaukar shi, a kai shi likita.

Mu riƙe

Igiyoyi 4 ke riƙe da gwiwa, tsokoki na taya su. Igiya ta fi tsinkewa wajen dira da juyawa. A ƙara horo kaɗan kaɗan, a huta, a yi barci. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ƴan wasa nawa ke cikin fili a wasan Gelik, in an haɗa ɓangarorin biyu?
2. Mi ne ne aikin igiyar gaba ta tsakiyar gwiwa?
3. Don mi ɗan wasan Gelik ba ya samun isasshen hutu?
4. Wata ƙungiya ta sa ƙwallo 2 a raga, ta ƙara maki 10. Ɗayar ta sa 1, ta ƙara maki 14. Wacce ta ci?

Mu gwada

Ku fita fili biyu biyu. Ɗaya ya yi tsalle ya diro, ɗaya ya duba gwiwarshi. Ta tsaya daidai, ko ta faɗa ciki? Ku yi sau 5, sannan ku sauya.