DOKAR HAƘƘIN YARA DA INDA YARO ZAI KAI KUKA

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu da ke wannan makaranta ba mu cika shekara 18 ba, watau a idon doka dukkanmu yara ne, har da manyan da ke aji shida masu gemu. Saboda haka ya kamata mu san abin da aka yi a majalisa game da mu.

Ran 20 ga watan Nuwamba 1989 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijeriya kuwa ta karɓe ta a 1991. Amma yarjejeniyar ƙasashe ba ta zama doka a ƙasarmu sai Majalisar Tarayya ta zartad da ita. A 2002 aka kawo ƙudurin gaban Majalisar Wakilai, wakilai suka yi watsi da shi. Babban abin da ya kawo gardama shi ne sashen da ya hana aurad da yarinya kafin ta kai shekara 18. Waɗansu suka ce wannan ya saɓa wa addini da al'adar mutanensu, waɗansu kuma suka kawo hujjar lafiyar yarinya da karatunta. Sai a 2003 aka sake kawo shi ya wuce, Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu.

To, ko da ya wuce, aikinsa ya tsaya a Abuja kaɗai, domin sha'anin yara yana hannun jihohi ne. Tilas kowace jiha ta kai shi majalisarta. Jihohin Arewa da dama sun daɗe ba su yi ba. Kano ba ta samu tata dokar ba sai a 2023, watau bayan shekara 20. Yaron da aka haifa a shekarar da Obasanjo ya sa hannu ya riga ya wuce yarinta kafin dokar ta iso garinsu.

A ganina, gardamar aure ta danne wata tambaya wadda ba ta gaza ta muhimmanci ba: idan an zalunci yaro, gun wa zai kai kuka? Dokar 2003 ta ce a kafa kotun iyali don shari'ar yara. Madalla. Amma yaro ba shi da kuɗin mota, bai san lauya ba, kuma sau da yawa wanda ya cuce shi shi ne wanda ya kamata ya kai shi kotun. Ku duba halinmu na 'yan makarantar kwana. In babban ɗalibi ya yi wa ƙarami dukan kawo wuƙa da dare, ƙa'ida ta ce ya gaya wa shugaban ɗaki, alhali kuwa shugaban ɗakin abokin mai dukan ne, tare suke cin abinci. In ya tsallake ya je wurin malamin da ke kula da gidan, gobe a ɗaki ɗaya za su kwana da wanda ya kai ƙara. Shi ya sa yara da yawa sukan haɗiye.

A waje ma hanyar tana da tsawo. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ƙofar da yaro zai iya kai ƙarar gwamnatinsa gaban kwamitin masana 18 da ke zama a Janiba, ta fara aiki a 2014. Sharaɗi biyu ne: sai ƙasar ta yarda da wannan tsari, kuma sai an gama bin kotunan gida. A 2019 yara 16, cikinsu har da wata yarinya 'yar Nijeriya, suka kai ƙarar Ajantina da Barazil da Faransa da Jamus da Turkiyya kan canjin yanayi. A 2021 kwamitin ya ƙi karɓar ƙarar, don ba su fara da kotunan waɗannan ƙasashe ba.

Afirka tana da nata kwamitin, bisa yarjejeniyar 1990. Shi ne ya saurari ƙarar da ƙungiyoyi suka kai a madadin almajiran Senegal da ake tilasta wa bara, kuma a 2014 ya sami gwamnatin ƙasar da laifin rashin kare su. Lura fa, ba almajiran ne suka rubuta takardar ba, manya ne suka tsaya musu.

Nan makaranta abin da nake roƙon hukuma ba ya bukatar majalisa. A ajiye akwati mai kwaɗo kusa da ɗakin shan magani, inda kowa ke zuwa ba a tambayi dalili ba, mabuɗin kuwa ya zauna hannun malamai biyu waɗanda ba sa kula da ɗakunan kwana, su riƙa buɗe shi kowace Jumma'a.