Yadda Ake Gano Matsalar Na'urar Kama Talabijin a Kwamfuta

Idan ka sayo ƴar na'urar kama tashoshi mai kama da kile USB daga Damagaram, ka zo da ita Tanut ko Belbeji ta ƙi aiki, kada ka yi saurin cewa ta mutu. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa gyaran bai fi ƙarfinka ba.

1. Karanta jikin kwalin. Nijar, kamar maƙwabtanta, tsarin DVB-T2 ta zaɓa wa talabijin na zamani da ake kira TNT. Na'urar ATSC ta Amurka ce, ISDB-T ta Japan da Barazil, ba za su kama komai a nan ba. Mai DVB-T kawai ma ba ta karanta T2. Idan da parabol za ka haɗa, DVB-S2 kake buƙata.

2. Duba wuta. Soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ban da mahaɗi mai baki da yawa, domin ramin USB 2.0 miliampiya 500 kawai yake bayarwa. Busa ƙurar hunturu daga ramin. In na'urar ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, za ta riƙa yankewa. Cire ta ta huce.

3. Buɗe Gestionnaire de périphériques. Alama mai ruwan ɗorawa kusa da sunanta na nufin babu pilot, wato manhajar da ke haɗa ta da Windows, ko an sa wanda ba nata ba. Shiga Propriétés, sannan Détails, ka kwafe lambobin VID da PID. Da su za ka nemi pilot, saboda sunan kwali kan bambanta da abin da ke ciki.

4. Goge tsohon pilot, zare na'urar, sake kunna kwamfutar, sa sabon, sannan ka mayar da ita. Tabbatar ya dace da Windows ɗinka, 32 bit ko 64. Mai Linux ya rubuta dmesg, zai ga sunan fayil ɗin da babu.

5. Sauya manhajar kallo. Windows 10 da ya fito a 2015 ba shi da Media Center, kuma manhajar faifan cikin kwali takan tsufa. Gwada VLC, ka sa faɗin tasha megahaz 8.

6. Koma kan eriya. Ƴar sandar cikin kwali sai kusa da tashar watsawa. Ɗaga babbar eriya bisa soro, ka tambayi mai dekoda a unguwa ko yana samun sigina. In ba ya samu, laifin ba na na'urarka ba ne, parabol ce mafita. Tashoshin kuɗi irin na Canal+ kuwa sai da dekodarsu.

Ɗan'uwa, hanyar Damagaram da nisa. In za ka sayo wata, tafi da kwamfutarka shagon, a gwada a gabanka, hoto ya fito, sannan ka biya.