Tsabtar Gida da Abin da Mu Ke da Shi a Hannu

1. Inda cuta ta ke ɓuya

Cikin cututtukan da suka fi kashe yara ƙanana a ƙasashenmu akwai zawo, da amai da gudawa. Galibi ba daga nesa su ke zuwa ba. Daga cikin gida su ke tashi, watau daga hannun da ba a wanke ba, da kwanon da ya kwana da sauran tuwo, da randar da ba ta da murfi, da ƙudan da ya taso daga salga ya sauka a kan abinci.

Abin da ke kawo su waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai, ana ce da su ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wanda ya fara ganin irin waɗannan halittu wani mai sayar da tufafi ne na ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, cikin shekarar 1676.

A shekarar 1854 annobar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, mutum fiye da 500 suka mutu cikin kwana goma. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan yana tambaya, ya tarar yawancinsu rijiya ɗaya su ke sha. Ya sa aka cire hannun famfon rijiyar. Daga baya aka gane wani jariri ne ya kamu da ciwon, ana wanke tsummansa ana zuba ruwan a wata salga da ke dab da rijiyar, dauɗar tana tsatsafowa cikin ruwan sha. To, kun ji. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Tsabta ba sai mai kuɗi ba. Yawancin abin da gida ke bukata yana nan a murhu, da kasuwar ƙauye, da bisa itatuwa.

2. Toka

Toka ita ce ta fari, domin ba gidan da ba ta. A cikinta akwai wani gishiri mai kaifi, ɗan'uwan kanwa. In ya gamu da maiƙo sai ya narkar da shi, har ya mai da wani sashensa sabulu, ruwa ya tafi da shi. Shi ya sa tukunyar da aka goge da toka ta ke fita fes.

Amma a zaɓi toka. Ta itace ko ta kara ita ce mai kyau. Kada a ɗebo ta juji inda aka ƙone leda da roba da tsohon batir, ko katakon da aka shafa wa fenti, gama irin wannan akwai dafi a ciki. A bar ta ta huce sarai, a tankaɗe, a ajiye a tukunya mai murfi.

Ga yadda a ke ruwan toka na wanke-wanke. A zuba toka gwangwani ɗaya cikin ruwa gwangwani huɗu, a dama, a rufe, a bar shi ya kwana. Da safe a tsiyaye ruwan sama a hankali. Da shi za a wanke tukwane masu maiƙo, da turmi, da dutsen niƙa, sa'an nan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Kada a jiƙa tukunyar alminiyam a cikinsa, don yana cin ta, ya sa ta yi baƙi.

3. Sabulu da aduwa

Sabulun salo toka ce da mai aka dafa tare. A ƙasar Yarabawa da Ghana da tokar ɓawon koko ko ta ɓawon ayaba a ke yi, a haɗa da man kwakwa. A wuraren da babu waɗannan, tokar kara da man kaɗe ko kitse sun isa. Aikin sabulu shi ne ya kama maiƙo ta gefe guda, ya kama ruwa ta ɗaya gefen. In aka ɗauraye sai maiƙon ya tafi, da dauɗar da ta manne masa, da ƙwayoyin cutar da ke ciki.

Babban aikin sabulu a gida shi ne wankin hannu. Lokatai huɗu ne ba a sakaci da su: bayan fitowa daga salga, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa girki, da kafin a ci abinci ko a ba yaro. A cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, gwargwadon yadda mutum zai ƙidaya ashirin a natse. A zuba ruwan da buta. Kada mutum goma su tsoma hannu cikin kwano ɗaya, gama na ƙarshe dauɗar tara ya ke ɗauka. Ran da sabulu ya ƙare, a cuɗa da toka mai tsabta a ɗauraye sosai, amma sabulu ya fi.

Ɓawon itacen aduwa kuwa, in aka daka aka jiƙa, ya kan yi kumfa, an daɗe ana wankin tufafi da shi. Sai dai kada a zuba ruwansa a tafki ko rafi, don yana kashe kifi.

4. Lemon tsami da tsamiya da gishiri

Toka maganin maiƙo ce. Tsami kuwa maganin tsatsa ne, da ƙarni, da farin ɓawon nan da ruwan rijiya ke bari cikin butar shayi. In tasar tagulla ta dushe, a yanka lemon tsami biyu, a dangwala gishiri, a goge, a ɗauraye, a shanya. Jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana yin wannan aiki. Wuƙa ko faifai ko akushin da aka taɓa kifi da shi, a fara wanke shi da sabulu, sa'an nan a goga lemon, ƙarnin ya tafi. Butar shayi kuwa a tafasa ruwan lemon a cikinta, ɓawon ya saki.

Kada a haɗa lemon da toka ko kanwa cikin kwano ɗaya wai don a ƙara musu ƙarfi. Tsami da kaifin toka kishiyoyi ne, ko wane yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa, a tashi a tutar babu.

5. Rana da wuta da ruwan sha

Rana ba ta karɓar ko anini, ga ta kuwa tana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, tana kuma busar da damshin da su ke so. Mai gida ya kafa ɗan rumbu na itace a tsakar gida, tsawonsa ya kai ƙugu, a riƙa kife kwanuka da ƙore a kai, inda kaji da awaki ba su isa ba. Tabarmi da katifu da shimfiɗar yara a fitar da su rana ko wane mako. Soso da tsumman wanke-wanke a matse a shanya kullum, gama jiƙaƙƙen tsumma masaukin cuta ne. Kofin yaro da cokalinsa a riƙa tafasa su, balle in ba shi da lafiya.

Ruwan sha in ya yi gurɓi, a ɓare 'ya'yan zogale busassu, kamar ƙwaya ɗaya ga ko wace lita, a daka, a dama cikin ruwan, a bar shi sa'a guda ko biyu. Lakar za ta kwanta a ƙasa. Amma ruwa ya yi garau ba shi ne ya zama lafiyayye ba. Sai an tace da tsumma mai tsabta, an tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka.

Randa ta zauna da murfi, da moɗa guda mai dogon hannu da a ke ratayewa. Ko wane mako a juye ta, a goge cikinta da soso. Dalili kuwa, sauro cikin ruwan da ke tsaye ya ke ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai ne zuwa goma a lokacin zafi. Wanda ya juye randa, ya kife fasassun tukwane da gwangwanaye ko wane mako, ya yanke masa hanya.

6. Tsakar gida da salga

Kafin shara a yayyafa ruwa, don kada ƙura ta tashi yara su shaƙa. Dabbobi a yi musu turke nesa da madafa da inda yara ke rarrafe. Rariya kada ta zama kwata a ƙofar gida. A haƙa rami a bakinta, a cika shi da tsakuwa da fasassun duwatsu, ruwan ya nutse.

Salga ta yi nisa da rijiya, kamar mita 30, kuma kada ta zama ita ce a tudu rijiya a gangare. A yi mata murfi mai mariƙi. A ajiye tukunyar toka a gefe, wanda ya gama ya barbaɗa cikin hannu ɗaya a ramin. Toka tana busar da shi, ta rage wari, ta rage ƙuda. Kashin jariri kuwa kada a ce ba kome ba ne. A zuba shi a salga nan da nan, a wanke hannu. Ku tuna da rijiyar Landan.

Busasshen ganyen darbejiya, wadda waɗansu ke ce wa dogon yaro ko maina, in an sa shi cikin akwatin tufafi ya kan kori ƙwari. Asalin wannan itace daga ƙasar Hindu aka kawo shi.

7. Gargaɗi

Kada mai karatu ya zaci duk abin da ya fito daga murhu ko daga itace ba ya cutarwa. Ruwan toka mai ƙarfi yana ƙona ido da baki. In ya faɗa idon yaro, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har kamar minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti. Man 'ya'yan darbejiya dafi ne ga jarirai, kada a ba su. Sodar da masu yin sabulu ke saye a kasuwa ta fi duka haɗari, gama kurɓi ɗaya ya kan ƙone maƙogwaron yaro har haɗiya ta gagare shi.

Kada a zuba kananzir ko ruwan soda ko maganin ƙwari cikin kwalbar lemo ko kofin sha. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. In ya riga ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a ruga da shi asibiti tare da kwalbar. Bokiti ko baho mai ruwa kada a bar shi a buɗe inda mai rarrafe ya ke, don ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. Rijiyar gida ma a yi mata murfi mai nauyi.

Har wa yau, toka da lemon suna da iyakarsu. Annobar kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a shekarar 1970, ta kuwa sha komowa. In irin wannan ta faɗo gari, sai a yi aiki da kulorin bisa ga awon da ma'aikatan lafiya suka faɗa. Kada ko kusa a gama kulorin, ko ruwan bilic na wankin farin tufa, da lemon ko tsamiya. Haɗuwarsu tana ta da iska mai dafi wadda ke ƙona huhu.

8. Rabon mai gida

Wani ya ce wannan duk aikin mata ne. Ba haka ba ne. Haƙa ramin rariya, da yi wa salga da rijiya murfi, da kafa rumbun kwanuka, da kafa kanta a sama inda hannun yaro ba ya kai, duk na mai gida ne. Sayen sabulu ma nasa ne. Kuma abin da yaro ya ga ubansa yana yi, shi zai yi. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyalinsa, ya kuma gaya wa maƙwabcinsa, gama ƙudan gidan maƙwabci ba ya sallama kafin ya tsallako katanga. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ta yaya dauɗa ta shiga rijiyar Landan a 1854?
2. Wace irin toka ce ba a wanke-wanke da ita?
3. Faɗi lokatai huɗu na wankin hannu.
4. Don me a ke juye randa ko wane mako?
5. Me za ka yi in yaro ya sha kananzir?
6. Waɗanne ayyuka ne rabon mai gida?