Wane Launi Ganye Zai Yi a Ƙarƙashin Jan Tauraro?

A shekarar 2016 masana ilmin taurari suka sanar da gano wata duniya mai suna Proxima b, wadda ke kewaya Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da Ranarmu. Duk da kusancin, sai haskensa ya yi tafiyar fiye da shekara 4 kafin ya iso gare mu.

Wannan tauraro na cikin jinsin jajayen wadanni, wato ƙananan taurari masu ƙarancin zafi. Zafin fuskar Rana ya kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, nasa kuwa bai kai 3,000 ba. Amma Proxima b ta matsa kusa da murhun: tazararta kimanin kilomita miliyan 7 ce, alhali tamu miliyan 150 ce. Saboda haka shekararta kwana 11 ce kacal.

Masana na kyautata zaton fuska ɗaya take bai wa tauraron kullum, kamar yadda Wata ke yi wa Duniya. In haka ne, a wani gefe rana ba ta faɗuwa, a ɗayan gari ba ya wayewa, tsakaninsu kuwa almuru ne na dindindin.

To, ɗalibi, a ce akwai ruwa da iska a can, yaya tsiro zai kasance? Ganyenmu kore ne domin sinadarin kulorofil yana shan jan haske da shuɗi, ya bar mana kore. Jan tauraro kuwa mafi yawan haskensa na ƙasa da ja ne, wanda idonmu ba ya gani. Tsiron da zai rayu a can sai ya sha duk hasken da ya samu, don haka yana iya zama baƙi wuluk. Wannan tunani yana da madogara, domin a cikin taɓo da tafkunan duniyarmu akwai bakteriya da ke haɗa abincinsu da irin wannan ɓoyayyen haske.

Sai dai akwai barazana. Proxima Centauri kan yi aman wuta ba zato, ya watso haske mai lalata ƙwayoyin halitta, wanda ke iya zaizaye iskar duniyar a hankali. Mafakar rai ita ce ƙarƙashin ruwa ko cikin dutse.

Har yau ba a ga alamar rai a can ba. Darasin dai shi ne, launin ganye daga hasken tauraronsa yake.

Aiki: ku rufe rabin ganyen wake da baƙar takarda na mako guda, sannan ku bayyana wa malaminku abin da kuka gani.