Ka Ɗora Babban Rim? Ga Yadda Za Ka Zaɓi Taya

'Yan uwa ɗalibai, da yawa kan cire rim mai inci 15 su ɗora mai 17 don mota ta yi kyau. Wajen sayen taya ake yin kuskure. Ƙa'idar ɗaya ce: in rim ya ƙaru, gefen taya ya ragu, domin tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zauna yadda kamfani ya tsara.

Duba lambar da ke jikin tayarka, misali 195/65 R15. 195 faɗinta ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 15 kuwa girman rim ne a inci. Lissafi: 15 sau 25.4 ya ba da 381, ka ƙara gefe biyu, wato 253.5, jimla 634.5. A rim mai 17, taya 225/45 R17 tana ba da 634.3. Ka ga sun yi daidai.

Kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari. In ya wuce, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, taya kuma tana iya gogar bodi a kwana.

Lambar ɗaukar nauyi ma kada ta gaza ta asali: 91 na nufin kilo 615 a kowace taya.

Amma fa siririn gefe ba ya jure rami. Faɗawa ɗaya na iya kumbura taya ko lanƙwasa rim. In hanyar unguwarku ramuka ce, tsaya a inci 16, aljihunka ya huta.